Takardar da Na Aika wa Surukina

Duk wanda ya shigo gidan makokin nan na Tsafe da magana ɗaya yake shigowa. Kafin ya gama tuɓe takalmi zai ce, "To ai lahiyatai lau." Wasu har da riƙe baki. Ni kuwa duk lokacin da aka faɗa sai in nemi wani aiki in kama don kada a ga fuskata.

Surukina ne ya rasu, mahaifin maigidana. Garin duka Likita suke ce masa, mu a gida Baba. Ya yi aikin gwamnati a asibitoci har ya yi ritaya, ya dawo gidan gado, ya gyara ɗakin da ke gefen zaure ya sa tebur da benci, ya ci gaba da duba mutane. A ɗakin nan ya cika, ranar Laraba bayan azahar, da bironsa a aljihun gaba. Ni ina bakin aiki a Gusau, don nas ce ni, ina tsakiyar canza wa wata mata ledar ƙarin ruwa aka miƙo mini waya. Na ji abin da maigidana ya ce sarai, amma sai da na sa ya maimaita sau biyu.

Tsohuwar da yake dubawa a lokacin, mutuniyar ƙauyen 'Yankuzo ce, ta ƙi komawa gida. Ta zauna cikin mata da takardar maganin dunƙule a hannu, kowa ya zo sai ta ɗauko masa labarin daga farko.

"Ya rubuta man magani," in ji ta, "ya ce in sha da sahe in na ci abinci. Yat tashi shi wanke hannu, sai yak koma kujera yaz zauna. Ni cewa nikai tunani shikai. Har nac ce mai, Likita, in tahi? Bai ce man komi ba."

Daga zaure muna jiyo muryar wani direban tasha, ƙaton mutum, yana kuka bai damu da wa ke kallo ba. Wai ranar Litinin ɗin nan Likita ya auna shi, ya yi masa tatas a kan gishiri da romon kai. Wata maƙwabciya ta ce, "Ashe shi ma likita hakanan mutuwa ka ɗaukatai, babu ko ciwon kai?" Sai ta yi maza ta yi istigfari. Inna, matarsa, tana jingine da bango, carbi a hannu amma ba ta ja. Ba ta yi kuka ba a ranar. Duban ƙofar ɗakinsa kawai take yi, in an yi mata gaisuwa ta gyaɗa kai.

Ina raba ruwa, ina shimfiɗa tabarmi, ina amsa "Ya haƙuri?", amma ina ɗauke da abin da na zaci babu wanda ya sani a gidan sai ni. Ba lafiyarsa lau ba. Na ga ciwon wata biyu kafin ranar, na gane shi, kuma ban buɗe baki na faɗa masa ba. Kada wani ya yi mini wa'azin ajali, na yi wa kaina ya fi a ƙirga. Na yarda kwana in ya ƙare ya ƙare. Amma tambaya ɗaya ta ƙi barina: da na yi magana, da ya saurare ni? Amsar da na samu daga baya ita ta sa na ɗauki biro, ita da son kada a manta irin mutumin da aka rasa.

Abin da aka fi saninsa da shi shi ne bencin shiru. Baba ba ya auna jinin mutum yana shigowa. Sai ka zauna ka jingina bayanka, ƙafa a ƙasa, ka yi minti biyar ba ka ce uffan ba, shi ma ba zai ce ba. A mujallar likitocin iyali da yake karantawa ya samo wannan, cewa magana da gajiyar hanya suna ɗaga awo, har a ɗora wa mai lafiya maganin da ba ya bukata. To, je ka gaya wa Bazamfare ya shiga ɗakin dattijo ya zauna bai gaishe shi ba. Mutum zai fara "Ina wuni, Likita, ina gajiya," sai Baba ya ɗaga yatsa ɗaya ya nuna masa agogon bango. Da yawa sun fita suna cewa boko ya cinye masa ladabi.

Wani Alhaji mai sayen hatsi a kasuwar Mada shi ya fi kowa jin haushi. Ya yi gaisuwa sau uku ba a amsa ba, ya kakkaɓe babbar riga ya fice, ya ce ko sarki yana amsa sallama. Washegari Baba ya shiga mota har Mada, ya same shi a rumfa, ya zauna a kan buhun gero. Ya gaishe shi, ya tambayi gida, ya tambayi 'ya'ya ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi shanu da damina da kasuwa, har jakin da ke ɗaure a bakin rumfar bai bari ba. Sai da Alhaji ya gaji da cewa lafiya lau. Sannan Baba ya buɗe jaka ya ce, "To, na rama maka gaisuwarka har da ta gobe. Yanzu ka yi man shiru." Aka auna, jinin Alhaji ya hau ba kaɗan ba. Tun daga nan bai ƙara fashin zuwa ba. Yana cikin waɗanda suka ɗauki makara, an ce har aka dawo daga maƙabarta bai iya yi wa kowa magana ba.

Yana da wata magana da kowa a gidan ya haddace: ciwo ba maraya ba ne, yana da gidansu. Ka zo masa da tari, sai ya tambaye ka mutum nawa ke kwana a ɗakinku. Ka zo da ciwon ciki, sai ya tambayi wa ke girki, a ina ake ɗebo ruwa. Wata mata da rashin zaman lafiya ya koro daga ƙauyensu ta yi ta zuwa masa da ciwon kai. Ya auna, ya duba, bai ga komai ba. A zuwa na uku ya ajiye biro ya tambaye ta me ta baro a can. Ta ce kabarin mijinta, da gonar da ba ta girbe ba. Bai rubuta mata ko ƙwaya ɗaya ba. Ya leƙa cikin gida ya ce wa Inna, "Ga baƙuwa ta iya dakan hura, ke kau kullum kina kukan kahwaɗa." Shekara biyu ke nan matar tana zuwa da hantsi, ita da Inna suna daka suna hira. Ita ta riƙe mana madafa duk kwanakin makokin, ba wanda ya sa ta.

Kada in mai da shi waliyyi. Baba yana da taurin kai, kuma ba ya son a gyara masa magana a gaban mutane. In ya ce ruwan randa ya fi na firji lafiya, to ya fi, ko da kai ka ƙera firjin. Yana son a yaba rubutun hannunsa, wanda ni da na sha karanta shi zan iya rantsuwa bai cancanci yabo ba.

Tsakanina da shi kunya ce, kuma kunya biyu. Ni suruka, mijina kuma ɗan fari. Baba bai taɓa kiran sunan maigidana ba. "Mutanen Damba" yake ce mana, unguwar da muke zaune a Gusau. Shekara goma sha huɗu ina gidan, ban taɓa zama tabarma ɗaya da shi ba, ban ci abinci yana gani ba, ban kama sunansa ba. Ko a asibiti, in katin mai irin sunan ya faɗo hannuna, sai in miƙa wa wata ta kira. In na je gaishe shi daga bakin ƙofa nake durƙusawa, idona a ƙasa, shi kuma ya amsa yana duban bango. Abokan aikina in sun ji wannan har riƙe ciki suke don dariya, saboda a asibiti an san bakina. Na taɓa fitar da wani mai muƙami daga ɗakin haihuwa da 'yan rakiyarsa duka. Likitoci matasa in sun yi kuskure suka hango ni, canza hanya suke. Amma a ƙofar Baba, gaisuwar ma da ƙyar take fita.

Mujallar nan ce ta buɗe mana hanya. Da can ta gidan waya take zuwa masa. Da aka koma sa ta a intanet sai ya shiga damuwa, ya ce shi ba ya karanta abin da ba zai iya ja wa layi ba. Maigidana ya kawo mini zancen don mu yi dariya, ni kuwa tausayi ya ba ni. Na nemo kasidu uku na binciken da likitocin iyali suka yi, na je shagon kwamfuta aka buga mini, na sa a ambulan na ba wani direba mai zuwa Tsafe. Ban rubuta daga wa ba. Bayan mako guda direban ya dawo mini da ambulan ɗin. Ya karanta duka, ya bi gefen kowane shafi da jan biro, da Hausa.

A wani wuri ya rubuta, "Wannan a garin da ba a ɗauke wuta." A wani, "Gaskiya ne, na gani da idona." Akwai inda ya ce, "Wanda ya rubuta wannan bai taɓa bin hanyar ƙauye da damina ba." Na zauna na karanta ina murmushi ni kaɗai. Ashe mutumin da nake jin muryarsa daga bayan ƙofa mai barkwanci ne. Daga nan ya zama duk wata sai ambulan ya je ya dawo. Shekara shida muna haka, kuma ko sau ɗaya zancen bai fito daga bakin ɗayanmu ba.

Har faɗa mun yi, a gefen takarda. Na aika masa wata kasida a kan yawan yi wa mutane allurar da ba su bukata. Ya rubuta, "Tsohuwa in ba a yi mata allura ba, ba ta yarda an duba ta ba. Gobe sai ta tafi wurin mai allurar kasuwa. Gara tawa." Ban yarda da wannan ba. Na ɗauki fensir na rubuta a ƙasa, "Allah ya huci zuciyar Baba, amma in likita ya yi, mai allurar kasuwa ya samu hujja." Na mayar. Ina miƙa wa direba na fara da-na-sani. Mako biyu shiru, har na fara shirya abin da zan ce in an kira ni gaban Inna. Sai ga ambulan. A ƙasan fensirina ya rubuta, "Nas ta kayar da likita. Amma kada mutanen Damba su ji." Da na je gaisuwa bayan nan, ya amsa yana duban bangonsa kamar kullum.

Wanda kullum idonsa ke ƙasa, ƙafa yake sani. Fuskar Baba a hoto na ƙare mata kallo, amma ƙafafunsa na san su sarai: sirara, masu jijiya, da tsohon tabo a babban yatsan hagu. Ranar sunan jikarsa, 'yar ƙanwar maigidana, na durƙusa gaishe shi sai na ga igiyar takalminsa ta nutse cikin nama. Idon sawu ya ɓace, duka biyun. Na kasa kunne. "Lahiya lau," ya ja numfashi. "Ya yaran?" ya sake ja. Mutumin da ba daga tafiya yake ba, a zaune yake tun safe.

Na shiga wurin Inna na yi kamar hira nake. Na ce, "Inna, Baba yana samun barci kuwa?"

Ta ce, "Yanzu matashi ukku shika tarawa, shi kishingiɗa. Wai ya hi jin daɗin karatu hakanan."

Kumburin ƙafa, haki, kasa kwanciya a miƙe, ko ɗalibar da ta shigo makarantar nas bara ta san inda za ta fara duba. Zuciya ce ta fara gajiya, ruwa yana taruwa a jiki. Ciwo ne da in an kama shi aka bi shi da awo da magani yadda ya kamata, da yawa suna daɗewa da shi. Na gani a ɗakin da nake aiki, ba labari aka ba ni ba.

Tun kafin motarmu ta fita Tsafe na gaya wa maigidana. Ya ce, "Ke, mai ɗaki shi ya san inda yake mai yoyo. Mutumin da ya tsufa yana sauraren ƙirjin mutane, ni ma'aikacin ofis zan ce mai Baba, zuciyarka?" Na matsa masa kwana biyu, har ya kira waya a gabana.

"Baba, ya jiki?"

"Alhamdu lillahi. Wa ya ce maka ban da lahiya?"

"Babu kowa, Baba. Gaisuwa ce."

Maganar ta mutu a nan. Ya dube ni kamar ya ce kin gani ko, ya ajiye wayar.

Na san addini bai hana ni ba. Uban miji muharrami ne, tun a islamiyya aka koya mana. Da na tashi na kama hannunsa na ɗaura abin awo, babu malamin da zai ce na yi laifi. Mutanen gida ne za su yi ta zancen ranar da matar ɗan fari ta taɓa surukinta, kuma shi kansa ban san inda zai sa fuskarsa ba. Sai na bi hanyar da na saba. Na nemo kasidu biyu, ɗaya a kan alamomin gajiyar zuciya ga tsofaffi, ɗaya a kan likitocin da ke yi wa kansu magani ba sa zuwa wurin ɗan'uwansu likita. Na ja layi da fensir a ƙarƙashin kumburin ƙafa. Ban ƙara ko kalma ba. A ganina na yi masa hannunka-mai-sanda, kuma mutum irin Baba ba sai an yi masa gwari-gwari ba.

Ambulan ya dawo da wuri. Kasidar zuciya fes take, babu jan biro ko ɗigo, sai a ƙarshe: "Na karanta. Allah ya yi albarka." A ta likitocin kuwa ya rubuta, "Wanzami ba ya son jarfa." Har dariya na yi, Allah ya yafe mini. Na ce wa kaina ya gane, zai nemi wani abokin aikinsa, na sauke nauyi.

Sau biyu na ƙara zuwa Tsafe bayan nan, duka biyun da abin awo a jakata. Na farko na durƙusa, na ga kumburin ya haura. Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne "Ya gajiyar jama'a?" Na biyu na tarar ya sa safa, shi da ko da sanyi ba ya sa safa. Na gaishe shi na tashi. Na ce wa kaina hanyar Gusau ba ta son yamma, gara mu kama hanya, wani zuwan zan yi magana. Kwana tara bayan nan aka miƙo mini waya.

Bayan addu'ar uku dangi suka ce ni zan gyara ɗakin dubawar, tunda ni na san magunguna, in ware wanda ya lalace da wanda za a bayar. Na shiga da hantsi. Na tarar da Baban Bungudu zaune a kan bencin shi kaɗai. Ƙanen Baba ne uwa ɗaya uba ɗaya, manomi, a Bungudu yake zaune shi ya sa yara suka sa masa haka. Shi ma suruki ne, amma mai wasa ne, kunyarmu ba ta kai ta Baba ba. Na durƙusa na gaishe shi, ya ce in yi aikina kada in damu da shi.

A aljihun tebur na ƙasa, bayan tarin tsofaffin mujallunsa, na ci karo da ƙwayoyin rage ruwan jiki, an sha fiye da rabi. Babu sunan kowa a jiki. Na tsaya riƙe da su. Abin da na haɗiye kwana uku ya taso, na ji bakina yana magana ban shirya ba.

"Baba, ashe ya san ba shi da lafiya. Ni ma na sani. Na gani tun ranar suna, ban faɗa masa ba."

Baban Bungudu bai yi mamaki ba. Ya ce, "Na san kin sani. Shi yag gaya man."

Na juyo.

"Juma'a ukku da sunka wuce ya taho Bungudu," in ji shi. "Munka zauna gindin mangwaro bayan an sauko masallaci. Yat tuɓe safa, yad danna yatsa ga ƙwabri nai, yac cire. Rami yat tsaya. Yac ce, ka gani? Matar yaron nan ta gani tun ran suna. Ta aiko man takarda, har da jan layi."

Na ce, "Me ya hana shi zuwa asibiti?"

"Abin da nat tambaye shi ke nan. Yac ce, wurin wa? Yaran da ke can duk ni na koya musu riƙon allura. In na shiga miƙewa sukai, su ce Baba, mi kake gani ya kamata a yi? Babu mai ce man tuɓe riga ka kwanta. Yac ce mutum guda na sani da ba ta tsoron gaya man na yi kuskure, ita kau matar ɗana ta. Da wane ido zan kira ta in ce ta duba ni?"

Ya murza hularsa a gwiwa. Ni dai ina tsaye.

"Nac ce, to Yaya, in gaya mata? Yac ce kul. Yac ce in dai ta buɗe baki tac ce man Baba, tashi mu tahi, wallahi tashi zan yi in bi ta, don ba ni iya musa mata. Takarda kau, ninke ta akai a sa aljihu. Har dariya yay yi da ya hwaɗi haka." Ya goge ido da bakin riga. "Ni kau yayana na. Ya ce kul, sai na kulle bakina."

Ban san lokacin da na zauna daɓas a ƙasa ba, a ɗakin da ban taɓa wuce bakin ƙofarsa ba yana raye. Kwana uku ina tambayar kaina ko da ya saurare ni, ga amsa an ba ni, kuma da ban samu ba da ya fi mini sauƙi. Sau biyu ina durƙushe a ƙofarsa da abin awo a jaka. Shi yana duban bango yana jira in yi magana, ni ina duban ƙasa ina jira ya ba ni hanya. Tsakaninmu bai fi taku uku ba.

Ba zan zagi kunya ba. Ita ta sa shekara goma sha huɗu ban taɓa jin kalma mai zafi daga bakinsa ba, shi ma bai ji daga nawa ba. Amma na ga inda ta kai mu. Ya Allah, bawanka ya tsaya wa marasa lafiya har numfashinsa na ƙarshe, ka tsaya masa ranar da babu mai tsaya wa wani. Ka yalwata masa makwanci, ka karɓi alherinsa, ka rufe kurakuransa. Ka ba Inna juriyar zama a gidan da babu shi. Ni kuma ka yafe mini shirun da na yi.

Maigidana bai san abin da Baban Bungudu ya gaya mini ba. Mun dawo Gusau na kasa faɗa masa, na zauna na rubuta wannan duka, niyyata in na gama in ajiye masa a kan tebur ya karanta da kansa. Sai da na kawo nan na ga abin da nake shirin yi. Takarda ce zan sake aikawa.

Na ajiye biro na fita. Na same shi a tsakar gida bayan la'asar yana wanke mota, abin da ya kama yi kullum tun rasuwar, ko motar ba ta yi datti ba. Na ce ya kashe famfo. Na tsaya a gabansa na gaya masa duka da bakina, tun daga safa har gindin mangwaro. Bai katse ni ba. Da na gama ya dubi tsumman da ke hannunsa. Ban ga hawayensa a maƙabarta ba, don ba na can, ban kuma gani a zaman makoki ba. A nan na gani.

Ya ce, "Ranar da munka je na ƙarshe, ya rako ni bakin mota. Sau biyu yana tsayawa ya dafa bango. Na gani, na kau da kai don kada ya ji kunya." Ya matse tsumman, ruwa ya zuba a ƙafarsa. "Ke suruka ce, kina da hujja. Ni fa?"